Haƙorin Farko na 'Yata

Tun ina firamare a Gaya ake tsokanata wai ina satar goron kaka. Haƙorana launin shayin da ba madara ne. Babu abin da ban goga musu ba: gawayi, toka, har yashin bakin rijiya. Har na gama sakandare, da kimiyyata da komai, ina kankare baki kamar gindin tukunya. Na marigayi Baba ma haka suke, aka ce goro ne, alhali ko na ɗaurin aure aka ba shi kyautar da shi yake yi.

Bayan na yi aure a Ajingi na haihu, wata rana haƙorin da nake tauna da shi ya dare biyu a kan dafaffiyar gyaɗa. Dafaffiya fa, wadda tsohuwa ke ci da dasashi.

A wani asibiti a Kano likita ta leƙa bakina ta ce ba datti ba ne, ciwon gado ne da ba a cika gani ba. Cikin haƙorin ne bai yi ƙwari ba, sai farin bayansa ya riƙa ɓamɓarewa, ni kuma na taya shi da yashi. Sai ta dubi goyona.

"Yana iya binta, yana iya tsallake ta. In na farko ya fito da launin naki, ki kawo ta da wuri a kare su kafin su cinye."

Daga ranar na daina kallon bakin 'yata. In ta yi dariya sai in kalli goshinta. Ta fara dalalar da miyau, ta fara cizona wajen shan nono, ni kuwa idona na rufin ɗaki.

Inna da ta zo duba mu ta gano ni.

"Ke, haƙorin yarinyar nan ya fito kuwa?"

"Ban lura ba, Inna."

"Ba ki lura ba? Maƙwabta ma sun lura da ihunki. Miƙo ta nan, sarauniyar tsoro."

"Don Allah a bari sai gobe."

"Goben ce za ta sake masa launi?"

Ta fita da ita tsakar gida cikin rana, ta janye leɓen ƙasa da yatsa. Ta ƙura wa dasashin ido. Na lallaɓa na leƙa ta bayan kafaɗarta. Ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, launin nawa sak.

Na zauna dirshan a ƙasa ina kuka, yarinya na ƙyalƙyala dariya, ta ɗauka wasa nake mata. Inna ta goya ta, ta jefo min hijabi.

"Tashi mu tafi wajen likitar nan. Kya ƙarasa kukan a mota."

Na kuwa ƙarasa shi, har kwandasta ya juyo ya yi mana gaisuwar rasuwa.