Akushin Zauren Yaya

Duk ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, ba a taɓa yin mutumin da ya bar giya da ƙarfin zuciya kamata ba. Rana ɗaya na dube ta na ce mun rabu. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaya, har da wanda bai tambaya ba.

To, gaskiya ƙannena biyu ne sunka ɗauke ni kamar buhun gero sunka tura bayan mota, ina ihu ina kiran Inna, wadda ta daɗe da rasuwa. Yaya, babban wanmu, yana gaba kusa da direba. Har Sakkwato bai waiwayo ba.

A gidanmu na Unguwar Lalle, tun zamanin Baba, maza akushi ɗaya suke ci. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a zaure, a aje tuwon gero da miyar kuka, Yaya ya fara sa hannu, sannan mu. Ni ne mai ba da labari. Akwai ranar da na sa ƙaraminmu dariya har tuwo ya fito mishi ta hanci, wallahi kusan loma guda.

Giyar kuwa a rakiyar shanu zuwa Kudu na koyo ta. Da farko sai can nesa, daga baya ta biyo ni gida cikin 'yan ledoji a aljihu. Na ci goro, na tauna kanumfari, ina ganin ba wanda ya sani. Sai hannuna ya tona ni. Wata rana na yanko loma, hannu ya kama rawa, ta kuɓuce ta faɗa tsakiyar miya, ta fantsama ga farar rigar Yaya. Bai yi faɗa ba. Ya dai leƙa cikin gida ya ce, "Daga gobe a zuba mishi nashi daban."

Shekara biyu ina ci ni kaɗai a bakin ɗakina, ina jiyo su a zaure. Ba dariya sosai. Wannan ya fi komai ci mini rai, sai in ƙara sha.

A gidan jinyar masu shaye-shaye da sunka kai ni a Sakkwato, makon farko na ga abin da ba shi faɗuwa. Zufar da na yi za ta shayar da garken shanun garin Turba. Mai kula da ɗakinmu wata Bayarabiya ce. Tana ganin zanen fuskata ta tafa hannu ta ce, "Yau Allah ya kawo mini bawana Bagobiri!" Ina kakkarwa na ce, "Baiwa ba ta yi wa ubangijinta allura da ƙarfi haka." Wasan nan namu na Gobirawa da Yarabawa, na kaka da kakanni, shi ya fara maido ni cikin mutane.

Kullum da hantsi mukan zauna a kewaye, kowa ya faɗi abin da giya ta raba shi da shi. Wani aiki, wani mata. Da anka zo kaina na ce akushi. Sunka yi dariya, suna zaton halin nawa ne. Ni kuwa ranar da gaske nake.

Abinci a can kowa da farantinsa na roba da cokali. Ni sai in aje cokalin in ci da hannu, ina gwadawa: in yanko, in mulmula, in kai baki ba tare da ta faɗi ba. In na rufe ido sai in ji warin daddawar gidanmu, da tarin da Yaya kan yi kafin bisimilla. Na ce wa Bayarabiyar, "Ranar da hannun ga ya tsaya, za ni gida." Ta ce, "Sai likita ya ce, ranka ya daɗe."

Wata uku na yi. Da na dawo, ba wanda ya ce mini komai game da abinci. Magariba ta yi, na tsaya bakin zaure kamar baƙon da ya ɓata hanya. Ƙaraminmu ya koma birni saboda rashin kwanciyar hankalin ƙauyukanmu, hannu biyu kaɗai sunka rage a akushin, ga gurbina nan ba kowa. Sai na buɗe baki: likitoci sun ce tun da anka gina wurin ba su ga jarumi irina ba, har sun so riƙe ni in riƙa koyar da su.

Yaya ya yi tarinsa, ya turo mini kwanon wanke hannu da ƙafa, bai ko dube ni ba.

"Giya dai ta tahi, mun gode Allah. Saura ƙarya. Matso, tuwo na hucewa."