Barkonon da Yaya Ya Kawo daga Abuja

Lokacin da yayana yake girki a gidan wasu Indiyawa a Abuja, ya taɓa kawo mana wani jan barkono mai yamutsattsiyar fata nan Keffi. Ya ce ko attaruhu bai kama ƙafarsa ba wajen yaji. Ni da nake cin attaruhu ɗanye, sai na gatsa a ƙofar gida. Nan take hawaye suka zubo, numfashi ya gagare ni. Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta, ta miƙo mini ludayi cike.

"Kada ka sha ruwa, ɗana. Riƙe wannan a bakinka."

A ludayi na uku zafin ya lafa. Ta tafi tun ban iya magana ba, amma har yau ina yi mata addu'a.