Ni Ne Gaurakar Da Ke Kuka A Tabkinmu

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da na ja mata ta isa haka nan. Abin da zan gaya muku, ƙannena matasa, shi ne an haife ni a wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, gidan manoma, kuma Allah ya ajiye mini wata baiwa a maƙogwaro. Duk kukan tsuntsun da ya shiga kunnena sau biyu, to na iya shi. Fakara, kurciya, zabon daji, zalɓe, har kwaɗin damina ban ƙyale ba. Abokaina kan ce da kaji za su yi zaɓe, ba hamayya zan ci. Da damina noma nake yi, da rani in yi acaɓa a Gagarawa Tasha. Wallahi a lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

A gabas da garinmu akwai wani tabki da ke cika da damina, ya riƙe ruwa har bayan kaka. Gauraki shida ne ke sauka a can, kowanne namiji da matarsa. In ba ku taɓa ganin gauraka ba, tsuntsu ne dogo mai tukku ruwan zinariya a ka, kuma ba ya rabuwa da abokin zamansa. Da asuba namijin zai buga kuka mai kauri, macen ta amsa masa da nata siriri, har cikin gari ana ji.

Wata damina sai ga wani bawan Allah daga jami'a, Malam Habu, mai binciken tsuntsaye. Ya zo da wasu ƙananan akwatuna masu ɗaukar sauti, ya ɗaure su a jikin itatuwan gawo na bakin tabkin. Ya ce kullum daga asuba zuwa hantsi za su riƙa naɗar duk abin da ya yi kuka. Ya bayyana wa mai gari cewa gauraka ta kusa ƙarewa a ƙasar nan, kuma in ya tara shaidar cewa suna zama a tabkinmu shekara da shekara, zai rubuta wa hukuma a kare wurin, a hana masu haƙar ƙasar bulo da suka sa masa ido. Da ya nemi wanda zai kula masa da akwatunan, gari duka aka nuna ni. Aikina in canja batir, in cire mimori, wato ɗan katin da sautin ke taruwa a ciki, in aika masa ta hannun direba. Mutumin kirki ne, ko da wasa bai taɓa ɗaga mini murya ba.

A tsakiyar daminar nan gaurakin suka ɓace, ban san inda suka nufa ba. Kwana goma tabkin shiru. Malam ya kira ni a waya ya ce babu komai a mimorin, in haka ta ci gaba zai kwashe akwatunan ya gwada wani tabki a ƙasar Sule Tankarkar. Na kwana da maganar a raina. Ɗan abin da yake ba ni na yi mini amfani, ga kuma girman da nake samu a gari, ana ce mini yaron Malam. Da asuba na tafi bayan ciyawa, na haɗa tafukana a baki, na buga kukan namiji sau uku. Na ce wa kaina ai ba ƙarya ba ce, tunda dai za su dawo, riƙe musu wuri kawai nake yi.

Suka kuwa dawo. Abin da ban zata ba shi ne, ranar da na sake gwadawa don wasa, sai wani namiji ya amsa, ya tako cikin laka har kusa da inda nake ɓoye, yana neman wanda ya shigo masa yanki. Ni da bakina ba ya riƙe magana, na je teburin mai shayi a Tasha na ba da labari har da kwaikwayo. Ashe a cikin masu dariyar akwai wani dillalin tsuntsaye daga Maigatari, ana ce masa Mai Keji. Ya ja ni gefe ya ce akwai manyan mutane da ke son gauraka tana yawo a tsakar gidansu, ɗaya kawai yake nema. Na ce haramun ne a wajen hukuma. Ya ce, to shida da biyar wa zai ƙirga?

Na binne tarkon zaren roba a laka, na yi kira, namijin nan ya zo da ƙafarsa. Na rufe masa kai da safa, na yanke gashin fiffikensa, na cusa shi a buhu. Ranar Alhamis ta kasuwa na bi hanyar daji a babur zuwa Maigatari. Na dawo da aljihu cike, na sayi nama na kai gida, Inna tana sa mini albarka. Wannan albarkar har yau tana ƙona ni.

Daga ɗaya aka koma biyu. Kafin damina ta biyu ta ƙare, saura miji da mata kaɗai a tabkin. Duk wanda na ɗauke kuwa, dole in maye gurbinsa da bakina, don kada Malam ya ji kuka ya ragu. A nan ne na gane ramin da na faɗa. Akwatin nan ba ya barci, ba ya mantuwa, ba ya karɓar uzuri. Kullum kafin gari ya waye ina cikin ciyawa, ruwa har gwiwa, sauro na cin rabonsa, ina gudu daga wannan gefe zuwa wancan don a ji kamar tsuntsaye da yawa ne. Sallar asuba cikin jam'i na manta rabona da ita. Aka kwantar da Inna a asibiti a Gumel, kowa na gidanmu ya je ya zauna da ita, ni kuwa sai in leƙa da rana in gudo. Yayata ta ce mini marar imani. Me zan ce? In ce ina da aikin kuka da asuba?

Na je na sami Mai Keji na ce na daina. Ya yi murmushi, ya ce ba komai, amma yana da lambar malamin nan na jami'a, kuma ya ji ana cewa yana son labarin tsuntsaye. Na fito daga rumfarsa ina lissafi. In na tsaya ya tona ni, in na ci gaba tabkin ya ƙare, in na yi shiru akwati ya tona ni. Ko barci na kwanta sai in ji maƙogwarona yana motsi shi kaɗai.

Akwai wani dattijon Bafulatani, Baffa Jauro, da ke shayar da shanunsa a tabkin. Wata safiya na fito daga ciyawa jiƙe sharkaf, sai na same shi tsaye ya dogara da sandarsa. Mura nake yi a lokacin, muryata ta dishe. Muka gaisa, ya tambayi jikin Inna. Sannan ya dubi laka ya ce, "Ɗan nan, gaurakin bana abin mamaki ne. Kuka ya yi na shida, sawu kuwa na biyu. Ga shi yau har ɗayarsu ta kamu da mura." Na yi dariyar yaƙe. Shi bai yi dariya ba, ya ce in ji tsoron Allah, ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Ranar da ta fi kowace muni ita ce ranar da Malam ya kwana a garinmu, ya ce da asuba zai je ya ji da kunnensa. Biyun da suka rage sun kwana wani wuri, tabkin tsit. Na ce masa bari in zagaya in duba ɗaya akwatin. Na kutsa cikin duhuwar ciyawa na yi namiji, na matsa gaba na yi mace. Da na dawo na tarar da shi a tsugune, ya rufe ido, fuskarsa cike da murna. Ya kama hannuna ya ce na ji? Wannan ne ya sa ya bar iyalinsa yake yawon daji. Ya yi mini godiya a kan riƙon amana. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma bakina cewa ya yi ai yi wa kai ne.

A damina ta uku Mai Keji ya matsa sai na kawo masa sauran biyun. Na kama namijin. Macen ta ƙi barin tabkin, kullum da asuba tana tsaye a wuri ɗaya tana kira. Kwana da kwanaki na daure, sannan wata safiya na amsa mata da muryar mijinta. Da gudu ta zo, fiffike a buɗe.

Rana ta yi zafi sosai a Alhamis ɗin da na ɗauko ta a buhu zuwa kasuwa. Dab da Maigatari jami'an gandun daji da 'yan sanda suka tare ni a hanyar daji. Aka kwance buhu, sai ga ta a mace, wuyanta a lanƙwashe. Mai Keji ya tsallaka iyaka tun kafin a ambaci sunansa. Daga baya Baffa Jauro ya aiko mini cewa shi ne ya kai maganata, kada in zargi kowa. Ban ji haushinsa ba. Ku yarda ko kada ku yarda, ranar da aka rufe ni ce ranar farko cikin shekaru da na yi barci har gari ya waye. Alƙali ya yanke hukunci, aka kai ni gidan yari.

Zaman gidan yari ba daɗi, kada wani ya ruɗe ku. Kana jin ƙanshin ruwan farko ta taga, ka san ana shuka a garinku, kai kuwa kana ƙirga tubalin bango. 'Yan ɗakinmu suka sa mini suna Gauraka, kullum suna roƙo in yi musu kuka su yi dariya. Ban taɓa yi ba.

Wata rana aka ce ina da baƙo, an ba shi izini na musamman. Malam Habu ne, ya rame, riƙe da kwamfuta. Na zube ƙasa zan fara ba da haƙuri, ya ce in tashi, ba wannan ya kawo shi ba. Ya ce ya janye rahoton da ya rubuta, don ba zai kai wa hukuma shaidar da bai san gaskiyarta ba. Abin da yake so in zauna in saurari abin da aka naɗa, in ware masa nawa da na tsuntsaye, ko zai tsira da wani abu daga aikin shekara uku. Ya sa mini abin ji a kunne. Yana kunnawa ina cewa wannan ni ne. Ya sake kunna wani, ni ne. Ni ne, Malam. Wannan ma ni ne. Yana ta jan layi a takarda. Akwai waɗanda ni kaina na kasa bambancewa, waɗannan ma ya soke su.

Can ƙarshe ya kunna wani. Kukan mace ne, siriri, tana yi tana maimaitawa. Sai namiji ya amsa daga nesa, ta ƙara ɗaga murya, aka ji fiffike na kaɗa ruwa. Malam ya ce wannan dai ya tabbata na gaske ne, don bai taɓa jin mata da miji sun amsa wa juna da kyau haka ba.

Na ce, "Macen ita ce, Malam. Namijin ni ne."

Ya rufe kwamfutarsa, ya yi mini sallama, ya fita. Ni kuwa na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, na mutane, ba na tsuntsu ba.

Damina biyu suka wuce kafin a sake ni. Na tarar Inna ta warke amma ta daina zuwa taron mata. Tabkin kuwa masu bulo sun shiga, tunda babu takardar da za ta hana su, ramuka ne ko'ina. Na tuba ga Allah, na bi mai gari da Baffa Jauro na nemi gafara. Yanzu keke mai ƙafa uku nake tuƙawa a Gumel, kuma duk fasinjan da na gani da keji ba na ɗaukarsa.

Ƙannena, ban fara da buhu ba, da kuka uku na fara, ina ce wa kaina ba wanda zai cutu. In aka ba ku amanar kallon wani abu, ku faɗi abin da kuka gani, ko da shiru ne, ko da aikin zai bar hannunku. Da na bar Malam ya ci gaba da jin shirun nan, da iyakar abin da zan rasa ɗan aiki ne. Kuma in wani ya ja ku gefe ya ce ɗaya kawai yake so, ku tashi ku bar masa wurin.

Bayan fitowata na je har wajen Malam Habu. Ya ce ya yafe mini tsakaninsa da Allah. Na roƙe shi abu ɗaya, ya goge naɗin nan na ƙarshe. Ya girgiza kai. Ya ce shi ne muryar gauraka ta ƙarshe da aka ɗauka a tabkinmu, ba zai iya gogewa ba, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa ya cire tawa daga ciki, abin ya ƙi, don kukan biyu sun hau kan juna. Saboda haka duk ɗan garinmu da zai so jin yadda tabkinmu yake da asuba a da, zai ji ta tana kiran mijinta, ya kuma ji ni ina amsa mata.