Hannun Hagun Malam Garba

Ban taɓa mantawa da ranar da na gane abin da ya hana Malam Garba ɗora hannunsa na hagu a kan kwamfuta ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin noman rani da ke Kura, a shekarun da aka fara kawo mana kwamfuta. Ni aka tura kwas Kano, da na dawo aka ce in koya wa sauran. Shugaban sashenmu ya yanke hukunci cewa ƙarshen wata zai gwada kowa, akawun da ya kasa za a mayar da shi Bunkure ya riƙa buɗe wa manoma ƙofar ruwa.

Malam Garba shi ne akawun da ke rubuta sunayen manoma da girman gonakinsu da biro. Ya kusa ritaya, ga ciwon gwiwa. Kowa ya san aikin bakin ruwa zai kwantar da shi.

Ƙa'idar bugun rubutu mai sauƙi ce: ka jera yatsun hannu biyu a layin tsakiya na maɓallan haruffa, idonka a kan allo, kowane yatsa da haruffansa. Kowa ya kama, ban da shi. Sai ya ajiye hagu a cinya, yana tsintar haruffa da dama ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza a bakin rumbu. Na yi lallashi, na yi tsiya, a banza. Ga janareto ba ya wuce azahar. Wallahi na kasa zama wuri ɗaya, in leƙa kalanda, in leƙa shi, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ana gobe gwaji, haƙurina ya ƙare. Na tambaye shi ko ciwo hannun yake yi. Ya ja kujera kusa da ni, ya nuna harafin A, wanda ƙaramin yatsan hagu ke bugawa.

"Ɗana, dubi sunayen mutanen nan. Abdullahi, Abdurrahman, Muhammadu. Da hannun da nake tsarki zan rubuta sunan Allah da na Manzonsa? Gara a kai ni bakin ruwan."

Ni ina ganin taurin kai ne, ashe ladabi ne. Na so in ce ya tambayi malamai, amma gwaji gobe ne, kuma abin da mutum ya girma a kansa ba ya fita a yini ɗaya.

Na yi ta kai da komo a baranda, har na tuna aikin namu kashi biyu ne. Akwai bugun rubutu, akwai shafin lissafi, wato allo mai gida-gida da ake zuba lambobi ya haɗa jimla da kansa. Maɓallan lambobi kuwa a gefen dama suke, da hannun dama ake buga su. Na roƙi mai janareto ya ƙara mana lokaci, na ɗora yatsun Malam Garba a wurin. Kafin la'asar yana zuba eka-eka ba tare da ya kalli hannunsa ba.

Da safe na shiga wajen shugaba. Na faɗa masa dalilin, na ce ni zan riƙa shigar da sunaye, Malam Garba ya riƙe lambobi. Ya dubi nasa hannun na hagu, sannan ya ce a kawo shafin ya gani.

Malam Garba ya zuba lambobin gonakin layi guda, jimla ta fito daidai. Shugaba ya ce, "Baba, zauna a kujerarka."

A kujerar ya yi ritaya, hagunsa a cinya. Ku da kuke koyar da mutane yanzu, in kun ga hannu ya ƙi motsi, ku tambayi mai shi dalili tun ranar farko. Ni sai da na kusa tura dattijo rana kafin na tambaya.