An Binne Nuriyya Ina Wajen Biki

Ranar Laraba, 13 ga Disamba, 2023, Nuriyya ta riga ni tashi. Ƙarfe shida saura kwata na ji motsinta a kicin. Hitar gidanmu da ke titin Grand Concourse a New York ba ta ɗaukar zafi sai gari ya waye sosai, ita kuwa da cutar sikila aka haife ta, sanyi ba ya yi mata da daɗi. Na fito na same ta da safa biyu a kowace ƙafa, ta jingina littafi da gwangwanin madara tana karatu a tsaye, ruwan shayi yana tafasa.

Ƙarfe bakwai muka fara auna akwatuna. Ni da ƙanwarta Firdausi za mu tashi zuwa Kano da yamma, bikin 'yar yayana. Rabona da gida shekara tara. Nuriyya ce mai hawa sikelin banɗaki, ta sauka, ta sake hawa rungume da akwati. Na ukun ya wuce da kilo biyu. Ta buɗe shi ta zaro kwalaben man shafawa guda shida.

"Mama, a Kano ba a sayar da mai ne?" Da Turanci ta faɗa, kamar kullum.

"Ke, mayar min da su. Na Inna ne."

"Duka shidan? Inna ƙafa nawa gare ta?"

Ƙarfe tara ta tafi aiki. Shekararta huɗu a wani shagon tabarau a Fordham Road. Ita ke zaunar da mutum gaban madubi, ta ɗumama ƙafar tabarau a 'yar na'ura, ta lanƙwasa ta daidai bayan kunnensa. Ranar rabin wuni ta ɗauka. Ƙarfe ɗaya ta dawo da tabarau na karatu guda uku, kowanne da ƙarfinsa, ta ce in ba kakarta ta gwada, wanda ta ga ramin allura da shi shi ne nata.

Ƙarfe biyu muka ci shinkafa da wake, ta ɗauko littafin nan na safe. Labarin Hausa ne da ta aro wajen wata mata a masallaci. Tana jin Hausa sarai, amma sai a wannan kakar ta fara karanta ta. Al'adarta tun tana makaranta ita ce ta fara karanta shafin ƙarshe, wai don ta san wanda ba za ta saka wa rai ba. Wannan kuwa shafukansa na ƙarshe sun yage, abin yana cinta. Ta karanta mana shafi ɗaya a fili, Firdausi ta faɗi a kan kujera tana dariya.

"Yaya, don Allah ki bari. Kamar mai sanar da tasha a jirgin ƙasa na layin D."

"Ke da ba ki iya karanta ko sunan titi ba? Mama, ki sayo min cikakkensa. Da wasu ma, guda goma. Banda na koke-koke."

Ƙarfe uku da rabi mahaifinsu, Malam Tamimu, ya kawo mota ƙofar gini. Nuriyya ba ta raka mu filin jirgi ba saboda iska. Ta tsaya daga cikin ƙofar gilashi. Ban rungume ta ba. Na ce, "Ke, ki riƙa shan ruwa." Ta ce, "To, likita." Ni ba likita ba ce, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki. Tsokana ce irin tata.

Ban rungume ta ba saboda 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nemansa a gaban mutane. Na karanta kimiyyar sinadarai a Zariya, na ƙara wani karatun a nan, kuma ban taɓa ganin wannan a matsayin abin da za a sake dubawa ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Mahaifinta ma Baban Firdausi nake kiransa.

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ta, a 1996. Tana da wata bakwai hannuwanta suka kumbura, aka yi gwaji. Tana da shekara shida muka zo New York. An kwantar da ita a asibiti sau talatin da ɗaya kafin wannan na ƙarshen, kuma a kowanne ina nan. Na san jijiyar da ke karɓar allura da wadda ba ta karɓa. Ta gama kwaleji a shekara shida maimakon huɗu. Ba ta son a ce mata sannu. Idan matan masallaci suka zo dubiya suna "sannu, sannu", sai ta rufe ido ta yi kamar barci, suna fita ta buɗe ta tambaye ni abin da suka kawo. Ta taɓa son wani yaro ɗan Kumasi, aka yi gwaji aka ga jininsu bai dace ba, ita ta ce masa ya tafi, ta wuni a ɗaki, washegari ta tafi aiki. Tana kallon tabaran mutane a jirgin ƙasa, ta raɗa min cewa na wancan ya karkace, hannunta yana ƙaiƙayi.

Mun sauka Kano ranar Alhamis. Ranar Juma'a, a ɗakin Inna, cikin gwaggonnina da matan yayyena, na kira Nuriyya ta bidiyo don su gan ta. Da za mu kashe na ce, "Kin sha maganinki?" Gwaggo Ramatu, ƙanwar Inna, ta tafa hannu.

"Oho! Amurka ta wanke wa Hajara ido. 'Yar fari ake lallashi haka a gaban uwa? Gobe sai ki goya ta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar ban sake kiranta ba. Gidan cike yake, babu inda mutum zai tsaya shi kaɗai, ni kuma ban nema ba. Sai in kira mahaifinta in ce, "Ya mutanen gidan?"

Abin da ya faru a can, daga baya na haɗa shi daga takardun asibiti. Ranar Lahadi zazzaɓi ya kama ta da ciwon ƙirji. Litinin da safe aka kwantar da ita. Ta aika wa Firdausi saƙo cewa kada a gaya wa Mama, shekara tara ba ta je gida ba, wannan ma zai wuce. Malam Tamimu ya kira yayarsa, Yaya Khadijatu, da ke zaune a Park Hill, can Staten Island, ya kira yayana Shitu a Kano, uban amarya. Su ukun suka yanke cewa ba a tayar wa matafiyi hankali, kuma ba a ɓata biki da labarin asibiti.

Ranar Talata da la'asar na kira shi. Ina zaune kusa da Inna ana yi mata lalle.

"Baban Firdausi, ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau. Sai sanyi."

A bayansa na ji ƙarar na'ura, ɗaya bayan ɗaya, a tsare. Shekara goma sha takwas nake jin wannan ƙarar a wajen aiki. Na ce, "Ina kake?" Ya ce yana kanti, wajen biya. Tambayar da ta rage guda ɗaya ce: ina Nuriyya, miƙa mata wayar. Gwaggo Ramatu tana kallona tana murmushi. Na ce a gaishe su, na kashe. A wannan sa'ar an riga an mayar da Nuriyya sashen kulawa ta musamman, amma tana magana. Ta yi magana har Laraba da rana. Daga ƙofar Inna zuwa ƙofar asibitin tafiyar sa'a ashirin da biyu ce, na auna ta da kaina bayan mako guda.

Ta rasu ranar Alhamis, ƙarfe goma da minti ashirin na safe agogon New York. Ƙarfe huɗu da minti ashirin ke nan a Kano. Ina kasuwar Sabon Gari a lokacin, wajen masu littattafai, ina duba shafin ƙarshe na kowanne don in tabbata bai yage ba. Na sayi goma sha biyu.

Da na koma gida matar Yaya Shitu ta karɓi wayata wai za ta sa min caji a ɗakinta. Bayan magariba ta ce ba ta gan ta ba, gidan biki ne, ɓarayi sun yi yawa. Firdausi ta kulle kanta a ɗaki, aka ce min zazzaɓin sauro ne, baƙuwar ƙasa. Na shiga na taɓa goshinta, babu zafi. Ta juya fuskarta bango. Kawunta ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba sai an kai amarya. Shekararta goma sha tara.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Da yamma na sa anko, leshi ruwan toka, aka ɗaura min ɗankwali. Mata suna ta zuwa suna riƙe hannuna fiye da yadda aka saba, wata ta ce min "Allah ya ba da lada", na ɗauka wahalar biki take nufi. Ƙarfe bakwai da rabi mai hoto ya jera mu, ya ce uwar amarya ta Amurka ta ƙara murmushi, na ƙara. A wannan lokacin an idar da sallar Juma'a a Bronx, an yi wa Nuriyya salla, motoci sun kama hanyar maƙabarta a New Jersey. A hoton mu goma sha ɗaya ne. Na tambaya daga baya: takwas sun sani.

Asabar aka kai amarya. Lahadi bayan sallar asuba Yaya Shitu ya shigo ɗakin Inna ya zauna a ƙasa, abin da ba ya yi. Ya ajiye wayata a gabana.

"Hajara, sai haƙuri. Nuriyya lokaci ya yi."

"Yaushe?"

"Alhamis."

"Wace Alhamis?"

"Wannan da ta wuce. An yi mata sutura ranar Juma'a. Jama'a sun taru sosai, aka ce."

Inna ta ce, "Don ke aka yi, 'yar nan. Da kin ji, da ba ki iya tsayuwa a bikin ba." Gwaggo Ramatu daga bakin ƙofa ta ce in daure, kada in yi abin kunya, 'yar fari ce, mutane suna kallo. Ban yi kuka a gabansu ba. Na kunna wayar. Saƙonnin ta'aziyya ɗari biyu da wani abu suka shigo, na farkon tun Alhamis da yamma.

Mun iso New York ranar Laraba. A mota Malam Tamimu ya ce, "Da kin zo me za ki yi? Za ki hana ne?" Ban amsa ba sai da na karanta takardun duka, shafi tamanin da huɗu. Likitoci sun yi abin da ya kamata a lokacin da ya kamata. Da na zo, da ta rasu duk da haka. Na gaya masa wannan, na ce abin da suka ɗauke min wuni ɗaya ne da take magana, da wanka, da ganin fuskarta. Ya ce ita ce ta roƙa. Na ce ta roƙa ranar Litinin, lokacin da take tsammanin za ta tashi. A takardar ma'aikaciyar jinya ta ranar Laraba da safe an rubuta cewa majinyaciya ta tambaya sau biyu ko mahaifiyarta ta taso. Na nuna masa layin. Ya ce ya gaya mata ina hanya.

Har yanzu muna gida ɗaya. Ina dafa masa abinci. Firdausi ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, tana zuwa idan ba ya nan.

Kayan Nuriyya ban same su ba. Ranar sadakar uku Yaya Khadijatu ta tsallako da jirgin ruwa daga Staten Island da manyan ledoji baƙaƙe, ta share ɗakin, don kada in dawo in gani hankalina ya tashi. Atamfofi da mayafai an raba wa matan masallaci. Takalma an zuba a kwantenar wani maƙwabci mai aika kaya Accra. Gado da katifa an fitar bakin titi ranar kwasar shara. Littattafan laburare an mayar, sauran an ajiye a kwali a ƙofar gini, wanda ya so ya ɗauka. Takardunta da 'yan rubuce-rubucenta an zubar, wai duk na asibiti ne. Wayarta tana hannun mahaifinta, a kulle, babu wanda ya san lambar. Da na buɗe ƙofar ɗakin na tarar an goge ƙasa, an jera buhun shinkafa biyu da katan ɗin ruwa da suka rage daga zaman makoki. Yaya Khadijatu ta ce, "Kin ga mun hutar da ke."

A watan Fabrairu ina jiran jirgi a tashar titi na 170, wata mata ta zo ta tsaya kusa da ni sanye da koriyar kwat ɗin Nuriyya. Sunanta Ramatou, 'yar Maraɗi, sabuwar zuwa, tana aikin kula da tsofaffi. Ba ta san ni ba. Ta ga mayafina ta gaishe ni da Hausa, ta ce da sanyin garin nan ya kashe ta, ba don wata baiwar Allah da ta rasu aka ba ta rigarta a masallaci ba. Ta ce kullum tana yi mata addu'a. Na ce Allah ya karɓa. Hannun rigar ya yi mata tsawo, ta naɗe shi sau biyu. Da jirgi ya taho na ce mata aljihun hagu ya huje, kada ta sa makulli a ciki.