Jirgin da Ya Tsallake Mu

A gidanmu ba a tsallake yaro yana kwance. In ka yi kuskure ka tsallake shi, sai ka dawo da baya ka sake tsallakawa, ka warware, in ba haka ba wai ba zai girma ba. Na taso ina jin haka, na sha ranƙwashi a kansa, na zo New York na manta da shi sarai. Mama ce ta zo ta tuna mini.

Ta zo ne yi mini wankan jego. Ɗana bakwaini aka haife shi, ya daɗe a kwalba a asibiti, kuma ko da aka sallamo mu ɗan mitsitsi ne, ina tsoron ɗaukarsa. Mama ta sauka a ɗan gidanmu na unguwar Morrisania ta karɓe komai. Ta yi ta yawon shagunan 'yan Afirka na wajen Fordham Road har ta samo kanwa da gero, ta dama mini kunu, ta cika bayi da tururi har na'urar gargaɗin gobara ta riƙa ihu, ita kuma tana yi mata tsawa ta yi wa mutane shiru. Kullum da safe sai ta zagaye cinyar yaron da yatsu biyu ta gani ko ya ƙaru. Ba ta faɗa mini abin da ta gani. Ni ma ba na tambaya, don na san yatsun suna haɗuwa har da saura.

Ranar komawarta maigidana yana wajen aiki, ni na tuƙa ta. Bazara ce, rana tana nan har yamma lis. Tana baya kusa da kujerar yaron, tana ta jero mini abin da zan yi da wanda ba zan yi ba, ni kuma ina amsa da to, to, hankalina na kan hanya.

Wanda ya san babban filin jirgin nan na Queens ya san wurin. Kana dab da shiga, titin motoci sai ya nutsa ƙarƙashin wata gada mai faɗi, wadda ba ta mota ba ce, ba ta jirgin ƙasa ba. Jiragen sama ne ke bi ta kai da tayoyinsu, a hankali, suna zuwa wurin tashi ko suna dawowa. Na sha wucewa ta nan ban taɓa dacewa da ko ɗaya ba. Ran nan muna isowa wani ƙato ya ɓullo daga hagu. Inuwarsa ta rufe motar, na ji rugugin har cikin haƙarƙarina, muka shige duhun gadar muka fito, shi kuma ya wuce dama abinsa.

Mama ta ce, "Ya tsallake mini jika."

Na yi dariya. Na ce haba Mama, ke da kike gaba-gaba a zumuntar mata ta coci, kike yi wa mutane wa'azi a kan camfi? Ba ta kula ni ba. Ta ce in tsaya a nan mu jira shi ya dawo. Na ce nan ba wurin tsayawa ba ne, 'yan sanda za su zo, kuma jirgin nan ƙila ƙasar Sin za shi, wa ya ce zai dawo yau? Raina ya ɓaci, ba don ita ba, don abin ya taɓa ni a inda nake ɓoyewa. Na kalli madubi na ga ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin yaron, ta rufe shi gaba ɗaya.

Sai da muka gama auna kaya ta ja ni gefe. Ta tambaya ko nata jirgin ma zai bi ta gadar. Na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba, wasu suna bi wasu ba sa bi.

"To ki koma ƙarƙashinta da shi," in ji ta. "Ni zan warware."

Sallamarmu ke nan. Ba ta tsaya kuka ba, ba ta bar ni na yi ba, ta tura ni da hannu wai kar in makara.

Na zauna a mota ina ce wa kaina ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da ke sa yaro girma, nono ne da barci da ikon Allah. Da lokacin tashin su Mama ya matso sai ga ni na tayar da mota. Tunda ba a tsayawa, sai zagaye: in fita daga filin, in juyo, in shigo ta ƙarƙashin gadar, in bi gaban wuraren sauke fasinja, in sake fita. Na yi ta yi har na daina ƙirgawa. Yaron ya farka ya yi kuka ya gaji ya koma barci. Galibi gadar wayam nake samunta.

Rana ta yi ja lokacin da na hango wutsiya mai launin jirginsu tana tafe daga dama. Na cire ƙafa daga mai. Na baya suka dame ni da hon, wani ya leƙo ya zage ni tas, na rama ba tare da na kalle shi ba. Na lallaɓa motar har inuwar ta hau kanmu, daga dama zuwa hagu. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Washegari da Mama ta sauka ta kira. Kafin gaisuwa ta ce ta ga motoci a ƙasa ta taga, ta ɗaga ƙafar dama, har matar da ke kusa da ita ta zaci ciwo ne ya kama ta. Ta ce ta ga motata. Motata ruwan toka ce, irinta sun fi a ƙirga a titin nan, amma ban yi mata musu ba. Har yau ban tabbatar ko jirginta ne na gani ba.

Yaron ya fara ƙiba. Kafin sanyi ya shigo yatsuna biyu sun daina haɗuwa a cinyarsa. Na kira Mama na faɗa mata, ta ce ai ta sani. Muryarta ta yi ƙasa, ta ce gajiya ce kawai. Kafin Kirsimeti aka kira ni daga gida, Mama ta rasu.

Da zan tafi jana'iza, jirginmu ya yi ta rarrafe, sai na ga titi ya bayyana a ƙarƙashin tagata, motoci suna shigewa ƙarƙashinmu ɗaya bayan ɗaya. A nan abin ya faɗo mini. Mu uku ne a motar ranar da jirgin ya tsallake mu. Ta warware wa jikanta, ta warware mini tunda ni ke riƙe da sitiyari. Ita tana sama, ba wanda ya dawo ya bi ta kanta. Ban san ko ta lura da haka ba lokacin da take tura ni da hannu. Mama ba ta cika barin abu ya wuce ta ba.

Na san camfi ne. Na faɗa wa kaina, maigidana ya faɗa mini, fasto ma ya faɗa mini da taushin murya. Yaron yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin, in na yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Da na ba shi labarin ya yi dariya irin wadda na yi.

Amma ni kam, duk tafiyar da zan yi sai na nemi kujerar taga. In jirgin ya hau gadar, ina duba motocin nan masu ruwan toka, ina neman wadda tsohuwa ke zaune a bayanta da hannu a ƙirjin jariri. Ban taɓa ganinta ba. Ina ɗaga ƙafar dama duk da haka.