Tawadar Malam Umara

A Gwange, in ka ce Malam Umara mai tawada, ko mai ƙosai za ta nuna maka zaurensa. Shekara arba'in yana karantar da yara, dokarsa ɗaya ce: ba mai taɓa allo sai ya haɗa tawadarsa da hannunsa. Yaro ya daka gawayi, ya jiƙa ƙaro, ya jira kwana uku. Malam yakan ce a wannan jiran ake koyon haƙuri, karatu daga baya yake zuwa.

To, zamani ya juya. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantu masu mota, idon Malam kuma ya soma dushewa. Ɗaliba ɗaya ta rage masa, Suwaiba 'yar Bala tela, a kanta ya ɗora burinsa na barin magaji.

Ranar da tawadarta ta kwana biyu, sai ga Bala a bakin zaure.

"Allah gafarta Malam, kullum yarinya ta dawo hannu baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya ba ta rubuta ba. Dakan gawayi na kawo ta koya?"

"Saura kwana ɗaya, Bala. Bar min ita zuwa gobe."

"A yi haƙuri, Malam, na riga na ɗinka mata kayan makaranta."

Suwaiba ta durƙusa har ƙasa ta yi wa Malam sallama, yadda ya koya mata, ta bi mahaifinta. Malam ya daɗe zaune yana sauraron takunsu. Can ya kira matarsa, ya ce, "Turai, zo ki naɗe tabarmin nan, a mayar da su ɗaki."